Rodin Yaya Isiyaku

Damina takwas ke nan babu Yaya Isiyaku. Da damina nake ƙirga rasuwarsa, don da ita aka san shi. Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, duba-gari a ƙaramar hukuma, kuma duk Badarawa ba wanda bai san dogon rodin nan mai lanƙwasasshen kai da yake saɓawa a kafaɗa ba.

Da hadari ya fara leƙowa, sai ya bi layi-layi yana zura rodin cikin kowane kwalbati. In ya ji ya toge, ba takarda yake rubutawa ba. Sallama yake yi a gidajen da ke kusa, ya ce ranar Asabar kowa ya fito. Ƙa'idarsa ɗaya ce: abin da aka kwaso daga kwata ba ya kwana a bakin kwata, sai an loda a baro an kai juji. Mutum ne mai faɗa, ba zan ɓoye ba. Ni kaina ya taɓa tsinka ni a gaban 'ya'yana saboda ledar ruwa guda.

Dab da ritayarsa gwamnati ta miƙa aikin ga kamfanoni, shi kuma aka ba shi tebur a ofis. Ya ce mini, "Sani, sun ba waɗanda ba su san inda ruwa yake bi ba." Na ɗauka ƙorafin tsufa ne.

Ga yadda ake yi yanzu. Mota ta sauke leburori, a ɗauki hoton kwata a toshe, a kwaso dattin a jibge a gefe, a sake ɗaukar hoto, a tafi. Ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. Ka kai kuka ƙaramar hukuma, a ce ba ruwansu, an ba da kwangila. Ka nemi ɗan kwangilar, ba wanda ya san ƙofarsa.

Gidan Yaya a gangare yake, kuma matarsa Yaya Asabe tana ciki har yau, ƙafa ta ƙi. Bara da muka ga kwalbatin layin ya cushe, mu shida muka fito da shebur. Sai ga shugaban leburorin kamfanin a kan babur.

"Baba, ku yi haƙuri kada ku taɓa. Ba a ɗauki hoto ba tukuna. In oga ya zo ya ga wurin fes, me zai nuna?"

"Yaushe zai zo?"

"Cikin satin nan, in Allah Ya yarda."

Muka mayar da shebur. Abin da ke cina ke nan har yau: dattawa shida, ɗan cikinmu ya ce mu bar kwatarmu a toshe, muka bari. Oga bai zo ba, ruwa ya zo. Ya shiga ɗakin Yaya Asabe har gwiwa, a kan kujera muka ɗauko ta. Katifa, buhun masara, akwatin takardun Yaya, duk suka lalace. Ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, "Da Malam yana nan..."

Da yana nan me zai ce? Na san shi, ba ta kan kamfani zai fara ba. Ni zai kalla.

Bana ban jira kowa ba. Na ɗauko rodin a bayan ƙofar Yaya Asabe, muka buɗe kwalbatin ni da maƙwabta biyu, muka kai dattin juji a baro, muna waige kamar ɓarayi. Bayan sati biyu 'yan kamfani suka iso, suka tarar da wurin fes, suka jera aka ɗauke su hoto. Na toshewar kuwa, daga wani layi suka aro.

Yaya bai bar gona ba, ba a sa sunansa a kan ko lungu ba. Amma hoton nan yana allon da suka kafa a bakin titi, an rubuta cewa kamfani ya kammala aiki. In ka bi ta wurin ka duba gefen hagu na hoton. Abin da ka gani jingine da bango, rodinsa ne.