Harafi Ɗari Uku

Mahaifina makanikin famfon tuƙa-tuƙa ne, shekara talatin da ɗoriya, kafin gwiwa ta ce masa ya isa haka. A unguwa Mai Igiya ake ce masa, saboda wata igiya mai ƙulle-ƙulle da yake zurawa cikin rijiya ya ji inda ruwa ya tsaya. Wai shi kowace rijiya da muryarta. Yakan kara kunne a bakinta ya lumshe ido, sai ka rantse rediyo yake saurare. Da Inna ta rasu sai ya rataye igiyar a bayan ƙofa, ya zauna a kujerar roba yana kallon bango. Wata bakwai muna fama da shi ya ci abinci.

Ni ce 'yarsa ta biyu, a kantin magani nake aiki. Wani mai zuwa sayen maganin hawan jini ne ya ba ni labarin wata ƙungiya ta masu kuɗin intanet da ake ce wa kirifto. Ba ofis, ba shugaba, komai sai sun kaɗa ƙuri'a a intanet, kuma suna neman masu auna zurfin ruwan rijiyoyi. Na nema wa Baba tallafinsu, aka ba shi rijiya goma sha tara. Zai auna kowane mako, ƙarshen wata a tura rahoto ta manhajarsu. In suka amince, wata fitila a manhajar ta yi kore, aiki ya ci gaba. In ta yi ja sau uku a jere, manhajar da kanta take rufe aikin, kuma babu ƙofar da za ka je ka yi roƙo.

Ranar da ya sauko da igiyar nan, wallahi sai da na shiga banɗaki na yi kuka. Ya koma fita da sassafe, ya dawo da laka a ƙafar wando, yana neman ƙarin abinci.

Matsalar ta zo ne daga akwatin rubuta rahoto na manhajar. Harafi ɗari uku yake ɗauka, ko ɗigo ba ya ƙarawa. Muka zauna a tabarma, waya a hannuna, Baba ya gyara murya.

"Rubuta. Ina gaishe ku da kyau. Yaya gajiya, yaya iyali, yaya masu jiki? Waɗanda suka yi rashi, Allah ya ba da haƙuri. Masu tafiya..."

Ya yi ta jerowa har na katse shi. "Baba, akwatin ya cika."

"Tun ban tambayi yara ba?"

Na ce lambobi suke so, ba gaisuwa ba. Ya kalle ni kamar na zagi baƙo a gidansa. Ya ce shi bai taɓa shiga wurin mutane ya fara da "mita goma sha ɗaya" ba, kuma ba yanzu da ya yi furfura zai fara ba. Haka muka tura. Fitila ta yi ja.

'Yan ƙungiyar ba sa sa fuskarsu a manhajar. Wannan hoton kifi, wancan mujiya, wani biri da tabarau. Baba yakan karɓi wayar ya ƙura musu ido, ya yi nisa. "Kifin nan mace ce," in ji shi, "kuma tagarta tana kallon teku. Ba ta barci sosai." Mujiyar kuwa wai tsoho ne irinsa, mai shan shayi shi kaɗai a ƙasar da rana ba ta zafi. Yana magana a hankali, kamar yana hango su a ƙasan rijiya.

Wata na biyu ma gaisuwa ta cinye akwatin, rijiya biyu kacal suka samu shiga. Ja kuma. Ranar na yi masa tsawa, abin da ban taɓa yi ba. Ya dai ce in miƙo masa butarsa.

A wata na uku na bar shi ya yi gaisuwarsa har ya gaji, ina taɓa waya kamar ina rubutawa. Da na je kanti na zuba lambobi tsura, rijiya goma sha tara, ko sallama babu. Kwana biyu fitila ta yi kore.

"Sun amsa gaisuwar?" ya tambaya.

Ba su amsa komai ba, ƙuri'a ce kawai. Amma bakina ya riga ni. Na ce kifi ta ce tana gaishe shi, 'ya'yanta mata uku duk lafiya.

To fa. Daga nan na shiga uku. Kowane wata sai na zo da labari. Mujiya ya yi mura ya warke. Biri ya koma sabon gida mai bene. Ina auna wa mutane magani ina ƙirƙiro dangin mujiya a kaina, har na fara jin tausayinsu ni ma. Baba kuwa yana sa su a addu'a ɗaya bayan ɗaya. Kullum ina tsoron ya gano, don na san halinsa da ƙarya. Ranar da ya gane, igiyar nan za ta koma bayan ƙofa.

Wata rana da hantsi na raka shi rijiyar bayan makaranta. Yana zura igiya ina ba shi labarin wannan watan, na ce kifi tana shirin aurar da ɗanta.

Hannunsa ya tsaya.

"Ashe ta haifi namiji? Na ɗauka mata uku ne."

 Ya ci gaba da zurawa, ƙulli bayan ƙulli, har muka ji igiyar ta taɓa ruwa can ƙasa. Ya daɗe kansa a sunkuye.

"Akwatin nan bai ƙara girma ba, na sani," ya ce. "Ni ma na iya ƙirga."

"Baba..."

"Goma sha ɗaya da rabi. Rubuta, kar ki manta." Ya fara janyo igiyar, ruwa na ɗiga a ƙafarsa. "Kuma ki ce mata ina taya ta murna. Ki tambayo mini 'yar wane gida ce amaryar."