An Ɗauke wa Mai Guga Talabijin

Ni aski nake yi, shekara talatin da ɗoriya, kuma duk tsawon lokacin nan shagona yana jingine da na Mai Guga. Katako ne kawai ya raba mu, sai wata 'yar taga da muka yanka a jiki don miƙa wa juna shayi. Yaya nake ce masa duk da ba mu haɗa uwa ko uba ba, don ya girme ni da shekara shida kuma bai taɓa bari na manta ba. Labarinsa zan ba ku, amma ku yi haƙuri da ni, har gobe in na tuna raina ɓaci yake yi.

Mutum ne da bai san komai a duniya ba sai aikinsa da dariya. Da safe zai hura gawayi ya cika dutsen guga, ya yayyafa wa riga ruwa da yatsu, ya fitar mata da karin da sai ka ji kunyar sa ta. In an kawo wuta ya koma dutsen lantarki yana mita, wai ba shi da nauyi, abin wasan yara ne. A ƙarƙashin teburinsa akwai kwali cike da ƙananan littattafan barkwanci, gefensu duk ya yi baƙi da shatin yatsa. Karatunsa ba mai zurfi ba ne, da yatsa yake bin layi, amma da ya kai wurin da ya yi masa daɗi sai ya leƙo ta taga: "Mai Aski, tsaya ka ji wannan!" Ni kuwa reza tana kan wuyan mutum. Sau nawa na ce masa, Yaya, wata rana za ka sa in yanka bawan Allah a banza. Ko a jikinsa.

A saman teburin, kan wani katako da ya kafa da kansa, akwai ƙaramin talabijin. Ƙarfe biyar na yamma ake sa wasan barkwanci, kuma wanda ya fi so shi ne na wani direba da bai iya ribas ba. In ya wuce gidan fasinja ko da taku goma ne, sai ya zagaye gari kaf ya sake dawowa, ya kuma sake wucewa. Biyar na bugawa Yaya zai jingine dutse, rigar ko ta wace ce sai ta jira.

Dariyarsa kuwa, gaskiya ba ta da daɗin ji. Da farko shiru, kafaɗu kawai ke rawa. Can sai ya ja numfashi da wata irin ƙara kamar ana jan tebur a kan siminti, hawaye sharkaf, yana dukan abin da ke kusa da shi. Baƙo zai rantse rasuwa aka aiko masa. Masu jiran aski sukan bar mini benci wayam su koma can, kuma ba direban suke kallo ba, Yaya suke kallo.

Abu ɗaya ne ban taɓa so a halinsa ba, kuma na sha gaya masa. Da ya rufe shago ya doshi gida sai ya zama wani mutum daban. Matarsa ta rasu tun ɗansu yana firamare, shi kaɗai ya rene shi, kuma ya ƙudurta a ransa cewa uban da ke washe wa ɗa baki raini yake saye. A gida ba talabijin, ba littafin barkwanci, fuska a murtuke. Shagon ma bai taɓa bari ɗan ya taka ba, wai kada ya saba da ƙanshin gawayi ya ƙi makaranta. To, ɗa ya yi karatu, ya zama manaja a wani kamfani, ga gida ga mota. Manaja kowa ke ce masa yanzu, har ni da na yi masa aski yana yaro yana ihu.

Bara, wata safiya, na ji dutse ya faɗi ƙasa, sannan na ji wani abu mai nauyi ya biyo baya. Shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama da ƙafar dama suka tafi, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Da aka sallame shi daga asibiti Manaja ya kai shi gidansa, kuma kada in tauye masa haƙƙi, ya yi ƙoƙari. Ɗaki mai iska, gado mai ɗagawa, keken marasa lafiya, ga babban talabijin a bango. Ni kuma na ɗaukar wa kaina zuwa duk Laraba da safe in yi masa aski da gyaran fuska. Watannin farko yana cin abinci, yana kama hannun rigata da hagunsa, idonsa da rai.

Wata Laraba na shiga na ga bango fayau, sai ramukan ƙusa huɗu. Na ɗauka gyara aka kai talabijin ɗin. Laraba ta zagayo, ba talabijin. Wata Larabar ta sake zagayowa, reza ta fara faɗawa cikin ramin kumatunsa. Ni da nake riƙe da fuskar nan shekara talatin, ai ba sai an gaya mini mutum yana ƙarewa ba. Ya daina kama rigata. Ga kwanon abinci a gefe, cokali biyu aka ci. Sai 'yan dubiya da ke zuwa su zauna jugum, sannu, sannu, Allah ya sawwaƙe, kamar ana zaman makokin mutum alhali yana kallonsu.

Na tare matar Manaja a falo na ce, "'Yata, ina talabijin ɗin Yaya?"

Ta ce, "Baba Mai Aski, ai maigidan ne ya sa aka cire, yana sito. Kullum ƙarfe biyar in na kunna masa na fito, sai mu jiyo Baba yana kuka har nan. Da an buɗe ƙofa sai ya yi tsit, ga hawaye a fuska. Maigidan ya ce abin yana tuna masa lokacin da yake da lafiya ne, gara a raba shi da shi."

Kai jama'a! Na ce, "Kuka? Dariya yake yi, baiwar Allah! Haka dariyarsa take tun kafin a haife ki!" Ta zaro ido, ta ce ita dai ba za ta iya ja da maigidan ba, in kira shi da kaina. Na kira shi a waya nan take. Ya saurare ni cikin ladabi, irin ladabin nan da ya fi zagi ciwo, sannan ya ce, "Baba Mai Aski, na gode da kulawa. Amma likita ya ce a guje masa duk abin da zai tayar masa da hankali. Yanzu ina mitin." Na ce likitan ya taɓa zama da shi ƙarfe biyar? Ashe ya riga ya kashe.

Na dawo shago a cike fam. Ranar duk wanda ya zauna a kujerata ya ji a jikinsa, wani ma saura kaɗan in kwashe masa gira. Mutum ya rasa hannu, ya rasa ƙafa, ya rasa baki, abu ɗaya ya rage masa a duniya, rabin awa a yini, shi ma an ɗauke an jefa a sito. Kuma wai don tausayi! Da mugunta aka yi da na san yadda zan yi da su.

Ranar Asabar, da na san Manaja yana gida, na rufe shagona da la'asar mutane na kan benci. Makullin shagon Yaya yana hannuna, na buɗe na zaro littafi ɗaya daga kwalin, na nufi gidan. Na yi sallama, na wuce ɗakinsa kai tsaye, na tura ƙofa. Na ce, "Yaya, yau ni zan ce maka tsaya ka ji wannan."

Labarin wani tela ne da ya ɗinka wa mai gidan hayarsa wando, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Don kada ya amsa laifi sai ya shawo kan mutumin cewa ƙafarsa ce ta fara gajarta, har ya raka shi asibiti yana yi masa sannu a hanya. Ni karatuna ma bai kai na Yaya ba, ina yi ina tuntuɓe. Amma ban gama shafi na biyu ba na ga kafaɗarsa ta hagu ta fara rawa. Da telan ya ce wa likita shi ma ya lura tun bara, sai ƙarar nan ta fito. Ta ƙara muni saboda karkacewar baki, amma ita ce. Yana dukan katifa, hawaye na gangara har kunne.

Ƙofa ta buɗe da ƙarfi, Manaja ya faɗo. Yaya ya yi ɗif kamar an kashe rediyo.

"Baba Mai Aski, me ka yi masa?"

Na ce, "Dariya na ba shi."

"Wannan ce dariya? Dubi fuskarsa fa! Don Allah in ba za ka taimaka ba, kada ka ƙara masa."

Nan fa na tashi. Na ce, "Kai, rufe mini baki! Da karatunka da kwat ɗinka, mako uku kana kallon ubanka yana bushewa, ka tambayi likita, ka tambayi matarka, shi mai jikin ka tambaye shi? Kunnensa ya shanye ne? Hankalinsa ya shanye? Ga hannun hagu nan lafiya lau!" Na juya na ce, "Yaya, in dariya kake yi, ɗaga hannu ɗanka ya gani."

Kun san me tsohon nan ya yi? Sai ya kawar da kai ya ƙura wa bango ido. Na ce, "Au, ni za ka kunyata? Ka ɗaga hannun nan ko in tafi, kuma wallahi ka nemi mai yi maka aski!" Can, yana kallon bangon, ya ɗaga yatsu biyu daga kan katifa ya mayar.

Manaja ya nemi kujera ya zauna. Na buɗe baki zan ƙara masa, don ban gama ba, sai ya ce a hankali, "Baba Mai Aski, ta ina zan sani? Shekarata arba'in da ɗaya. Ban taɓa jin dariyarsa ba."

Fushin bai tafi ba, juyawa kawai ya yi ya koma kan na kwance. Na ce, "Ka ji ko, Yaya? Ka ji aikinka? Duk layinmu sun san dariyarka, mai faci ya sani, mai sayar da ruwa ya sani, ɗan da ka haifa ya ji ta ya ɗauka kuka ne. Ga girman da ka tara nan, ya ɗauke maka talabijin!" Bai kalle ni ba.

Manaja da kansa ya je sito ya kinkimo talabijin ɗin, ya ɗora a kan tebur, ya haɗa wayoyi. Saura minti uku biyar ta buga. Ya ja kujera dab da gadon ya zauna, ya ɗora hannuwa a gwiwa kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Aka fara. Ranar direban amarya ya ɗauko, ya wuce gidan biki sau uku, 'yan rakiya suna binsa a guje. Ni kaina sai da na riƙe ciki. Na waiwaya in ga Yaya, fuska a ɗaure tamau. Ina ganin jijiyar muƙamuƙinsa tana motsi, ina ganin yadda ya damƙe zanin gado, amma ya ƙi saki.

Na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah. Saki abin nan, ɗanka ne fa." Ko gezau. Minti goma muna haka, wasa na tafiya, ɗa yana kallon uba, uba yana kallon direba kamar ana karanta masa takardar kotu. Da ba mara lafiya ba ne da na girgiza shi.

Manaja ya miƙe. Ya ce, "Bari in duba wani abu a mota." Ya fita ya ja ƙofa. Ba a yi minti ɗaya ba gadon ya fara girgiza, ƙarar nan ta cika ɗakin, har da ta minti goman da ya riƙe. Na yi tsaki na nufi ƙofa in kira Manaja ya dawo ya gani da idonsa. Ina buɗewa na same shi a tsaye a nan, ya jingina kai da bango, bai je ko'ina ba. Ya girgiza mini kai, ya yi mini alama da hannu in koma. Na koma, amma na bar ƙofar a ɗan buɗe.

Yaya yana cin abinci yanzu, kumatu sun fara dawowa, reza tana tafiya sumul. Duk Laraba bayan aski nakan karanta masa shafi uku ko huɗu, kuma duk Laraba sai na yi masa faɗa a kan ɗansa, shi kuma ya kalli bango. Taurin kai ne, kuma na gaya masa ban yafe masa wannan ba. Matar Manaja ta ce mini mijinta ya canja lokacin tashi daga aiki, biyar saura yana gida, ya cire takalmi tun daga falo ya lallaɓa ya tsaya a bayan ƙofar. Ta kai masa kujera ya ƙi zama. Wai kujerar tana ƙara, kada Baba ya ji ya yi shiru.