Yadda Na Kai Mufattish Koyon Gadi Abu Hujar

Kafin wani ya riga ni faɗa, wawan labarin nan ni ne. Masu zama gindin darbejiya bayan la'asar sun riga sun ji shi a bakuna daban-daban, kowa da ƙarinsa, har an ce wai kujera na kama wa kare a mota. Ban kama ba. A cinyata ya zauna. Ga yadda tafiyar ta kasance.

Ɗana Usmanu direba ne a Khartum, gidan wata Baturiya. Karyarta ta haihu ana gab da komawarta ƙasarsu, ta raba 'ya'yan, shi kuwa ya ɗauko ɗaya ya kawo mini gida Kamlin, wai tun da na bar wa ƙannensa noman hawasha, gonarmu ta auduga, ba ni da sana'a sai gardama. Ya ce irinsa sifaniyal ake kira. Ni dai abin da na gani ɗan abu ne ja da fari, gashi luf-luf, kunnuwa har ƙasa kamar wanda ya yafa mayafi biyu. Ba abin da bai shinshina ba a gidan, daga tukunya har takalman baƙi. Sai na sa masa Mufattish, wato sufeto da Larabci, don tun zamanin masu zagayen duba gonakin auduga ban ga mai bincike irinsa ba.

Ban taɓa riƙon kare ba, ubana ma bai taɓa ba. Da kuskure na koya. In yana cin abinci kunnuwan su ma ci suke, sai na riƙa ɗaure masa su bisa kai da ƙyalle kamar mace za ta yi daka. In ya fita ƙarangiya ta hau shi, in kwashe hantsi ina cire ta ɗaya-ɗaya da tsohon matsefin matata. Da farko cizon hannuna yake. Daga baya na gane in na ce «zauna» ya zauna na ba shi guntun kisra, wainarmu ta dawa, gobe ba sai na maimaita ba. A hankali har ya zama da ya ga matsefi sai ya zo ya ɗora haɓa a gwiwata, ya miƙo kunne. Kuma da Hausa muke yin komai. Jikokina in na yi musu Hausa da Larabci suke amsawa, rabin hankalinsu na kan waya. Wannan kuwa ko bai amsa ba, yana saurare har in kai aya.

Matata Hajja Kulu taubashiyata ce tun kafin ta zama matata, saboda haka ba ta auna mini magana. Ita ta kai batun gun liman. Liman bai tsananta ba. Ya ce kare in na gadin gona ne, ko na kiwo, ko na farauta, babu laifi. Amma wanda ake ajewa a gida ba ya aikin komai, ladan masu gida yake ragewa kullum. Hajja ta dawo ta ce nata ladan bai kai ta riƙa ciyar da kare da shi ba. Ko Mufattish ya sami sana'a kafin azumi, ko Usmanu ya zo ya ɗauki kayansa. Sai na tuna da wana Garba a Abu Hujar, mai lambun ayaba bakin kogi, wanda karnukansa ke tsare masa birai. Na ce can zan kai shi karatu.

Kamlin zuwa Madani

Muka fita bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. Na sa shi cikin kwando na rufe da buhu, raksha mai ƙafa uku ta kai mu bakin titi, muka shiga ƙaramar bas mai zuwa Madani. Kumsari, mai karɓar kuɗin mota, ya tambayi abin da ke kwandon, na ce ɗan dabba ne. Ban yi ƙarya ba.

Muna cikin tafiya kunne ɗaya ya zubo ta gefen buhu. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta shafa shi, ta ce ma sha Allah, wannan ɗan rago zai yi kyau da layya. Ta ci gaba da shafawa, shi kuwa daɗi ya kama shi, ya fito da kai ya lashe mata hannu. Abin da ya biyo baya ba sai na tsawaita ba. Wani mai farar jallabiya ya ce an ɓata masa tufa, ko da yake kujera uku ce tsakaninsu. Na gyara murya na ce a mazhabarmu kare mai rai ba najasa ba ne, na kawo abin da na tuna daga makarantar allo, da wanda ban tuna ba. Direba ya dube ni ta madubi.

«Ya Hajj, ni ba liman ba ne. Ni mai mota ne, kuma motar ta cika.»

A Hasahisa suka sauke mu. Daga nan sai bayan wata a-kori-kura mai buhunan gyada, inda ba wanda ke da farar riga. Da muka tsaya bakin tur'a, magudanar ban ruwa, don direba ya zuba wa injin ruwa, ban ankara ba Mufattish ya yi tsalle tsundum cikin magudanar, yana iyo yana bin wani tsuntsu, kunnuwan na yawo bisa ruwa. Na shiga har gwiwa na kamo shi. Muka iso Madani ni da shi duk muna warin laka.

Usmanu ya ce lallai in kai shi allurar rigakafin haukan kare, don haka na nemi likitar dabbobi bayan kasuwa. Ta yi masa allura, ta ɗaga kunnen ta shinshina, ta tambayi wa ke taje shi. Na ce ni. Ta ce na iya, amma in ya shiga ruwa in riƙa tsane cikin kunnen da auduga, don irinsu iska ba ta shiga, ruɓewa yake. Ta hana ba shi albasa da ragowar shayi, abubuwa biyu da ni da shi muka fi so. Da na gaya mata gadin birai zan kai shi ya koya, sai ta aje alƙalami. Ta ce wannan iri tsuntsu aka yi shi ya ɗauko wa maharbi daga ruwa, kuma ko ɓarawo ya shigo gida, rakiya zai yi masa har ƙofa. Na ce ai karatu na gyara hali. Ta ce Allah Ya ba da sa'a, ya Hajj, da irin muryar da ake yi wa majinyaci.

Na kwana gidan 'yar ƙanwata, muka ci ful, dafaffen wake, da man riɗi. Ɗalibi ya kwana a kwandonsa bayan ɗakin girki.

Madani zuwa Singa

Na ɗauki darasi, ban ƙara neman bas ba. Da hantsi na sami babbar mota mai kai siminti kudu, direban Bahaushe ne mutumin Mai Wurno, ya ce mu hau gaba. Nan ne karen ya zauna a cinyata, kansa a taga, iska na kaɗa kunnuwan kamar tutar makaranta.

A shingen da ke kafin Sinnar wani askar, wato soja, ya leƙo ya ce wannan fa? Na miƙa masa katin allura tare da nawa katin. Ya duba duka biyu, ya ce na karen ya fi tsafta, mu wuce.

Muka tsaya Mai Wurno sallar azahar. A kasuwar nan Hausa ake yi ta ko'ina, irin ta tsofaffinmu, mai nauyi a baki. Na zauna gun mai shayi ina ji, ban so tashi ba. Kakanninmu sun taho da ƙafa daga yamma za su Makka, guzuri ya ƙare, suka tsaya bakin kogin nan suka yi noma, suka haife mu. Ni kuma jikansu ga ni cikin mota zan kai kare makaranta. Na faɗa wa direban haka, ya ce kowa da irin hijirarsa, in sha shayina.

Daga Singa sai ƙaramar mota, ƙasa ta fara yin baƙa, itatuwa suka ƙaru. Muka shiga Abu Hujar rana ta yi sanyi.

Abu Hujar

Rabona da Yaya Garba tun rasuwar mahaifiyarmu. Ba faɗa muka yi ba. Kullum ina cewa bayan girbi, shi ma yana cewa bayan girbi. Na same shi ya rame, idonsa ɗaya ya yi fari. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, sannan ya ce wa ya mutu? Na ce ba kowa, kare na kawo. Ya ce to, ko ma mene ne ya kawo ka, an gode masa.

Da safe muka gangara lambu. Karnukansa uku suka taho, dogaye, busassu, ba mai kunnen da ya wuce ɗan yatsa. Mufattish ya je gaishe su, suka dube shi kamar an kawo musu ango. Can birai suka sauko daga itatuwan bakin ruwa, karnukan suka bi su da haushi. Na duba ban ga ɗalibina ba. Yana cikin rigata ta baya, hancinsa kawai ke waje.

Yaya bai yi dariya ba. Ya ce tsoro ba komai ba ne, ƙaramin kare duk haka yake farawa, in ya bi manya zai koya. Amma kafin komai sai an rage kunnen. Haka suke yi tun iyayenmu: ɗan kwikwiyo in za shi daji ana yanke masa kunne, a shafa toka, don biri abin da ya fara kamawa ke nan, ga ƙaya, ga kaska. Ya ce da wannan labulen ko mako ba zai yi ba biri zai ja shi ya yaga. Gaskiya ya faɗa, kuma don tausayin karen ya faɗa. Na tuna da Hajja, na tuna da azumi ya matso. Na ce a yi.

Ya wasa aska, ya ɗebo toka a kasko. Ya ce ni zan riƙe, tun da ni ya sani. Na zauna bisa kututture na ce, «Mufattish, zauna.» Ya zauna. Ya ga abu na ƙyalli a hannun Yaya, ya ɗauka matsefi ne. Sai ya matso da kansa, ya ɗora haɓa a gwiwata, ya karkata kai ya miƙo kunnen, ya lumshe ido.

Yaya ya ce bai taɓa ganin kare mai ladabi haka ba, aikin zai yi sauƙi.

Ni na koya masa wannan. Safiya nawa ina ba shi kisra don ya yarda in ya miƙo kunne ba abin da zai same shi sai daɗi. Na dubi kunnen a tafin hannuna, da ɗumi, ba ƙarangiya ko ɗaya, don da asuba na taje shi.

«Yaya, bari.»

«In bari in ƙara wasawa?»

«A'a. Bari dai.»

Ya mai da askar kube. Ya ce in ba a yanke ba shi ba zai sa shi gaban birai ba, kuma ba zai ce wa kowa ya koya masa gadi ba, don bai iya ƙarya da tsufa ba. Na ce na sani. Ya ce to me zan gaya wa Kulu? Na ce ban sani ba. Ya ce tun muna yara haka nake, in ɗauko tafiya mai nisa, sai an kai bakin abu in tsaya ina tunani.

Na yi niyyar kwana ɗaya, na yi kusan mako. Muka ci kifi da tuwon asida, muka zauna bakin kogi muna lissafa waɗanda suka rage cikin 'yan unguwarmu, lissafin bai ɗauke mu lokaci ba. Mufattish ya yi ta faɗawa ruwa yana ɗauko kara yana kawo wa Yaya, Yaya na jefawa yana cewa aikin banza, yana sake jefawa. Ni kuma ina tsane kunne da auduga.

Komawa

Hanyar dawowa ba ta da labari, sai abin da nake ta shiryawa a raina. Daga Singa zuwa Sinnar na shirya in ce ya fara koyo, sai an mai da shi. Daga Sinnar zuwa Madani na ga wannan ƙarya ce, na koma in ce mafarauci ne, tun da likita ta faɗa, sai dai ba ni da bindiga kuma ban taɓa harbin komai ba. Daga Madani zuwa Kamlin ban shirya komai ba. Na riƙe shi kawai ina tunanin ranar da Usmanu zai zo da kwali, da wanda zan riƙa yi wa Hausa da hantsi.

Mun iso lafiya bayan la'asar, alhamdu lillahi. Ina gode wa direban siminti, da likitar da ba ta yi mini dariya a fili ba, da dattijuwar bas in ta yafe.

Na tarar da Hajja tana tankaɗe. Ta dubi karen, ta dubi kunnuwan, ta dube ni. Ta tambayi Yaya, na ba ta labarinsa, da idon, da kifin da ya aiko mata. Sannan na tsaya tsaye kamar mai ba da shaida, na ce gaskiya ita ce bai koyi gadi ba, kuma ba zai koya ba, ba shi da sana'a, in ta kira Usmanu ba zan yi gardama ba. Na fara kawo dalilai. Ba ta ko ɗaga kai daga rariya ba.

«Wa ya ce maka ba shi da sana'a? Shekara nawa ina cewa ka je ka ga ɗan'uwanka, kana ce mini gwiwa. Wannan abu ya kora ka har Abu Hujar, ya koro ka gida, ba ka ɓata ba. Gobe ka gaya wa liman karen kiwo ne. In ya tambayi garken, ka ce tsohon jaki ne guda ɗaya.»