Manyan Tayoyin da Suka Fasa wa Hajiya Marka Ƙwai

Wata rana wata mata ta ci ciniki, cinikin ya juyo ya cinye ta.

Hajiya Marka mai ƙwai ake ce mata, a nan Kano. Mijinta ya rasu shekara shida da suka wuce, ya bar mata 'ya'ya huɗu da sana'ar sarin ƙwai.

Ba ta zauna zaman kuka ba. Tana fita takaba ta koyi tuƙi.

Da fetur ya haukace, ta sayar da tsohuwar motar marigayi, ta haɗa da filinta, ta sayi 'yar ƙaramar mota mai caji, irin mai wurin kaya a baya. Ta kafa sola a rufin gida. 'Yan unguwa suka yi ta dariya, wai Hajiya ta sayo wayar hannu mai ƙafa huɗu.

Su suna gasuwa a layin gidan mai, ita tana wuce su shiru kamar kyanwa.

Duk Talata takan je wata gonar kaji a Kazaure, ta loda kiret sittin, ta kawo wa Hajiya Uwani mai gidan kek. Dole ƙwai ya iso kafin azahar, don a lokacin ake kwaɓa na bukukuwan mako. Tun marigayi yana raye shi yake kai wa gidan, kuma ko sau ɗaya bai taɓa makara ba.

Wannan gidan kek ɗin shi ne ƙashin bayan sana'arta. Sauran masu saye duk cikon benci ne.

Marka ba ta iya karanta rubutun da ke gaban motar ba, amma ta iya ƙirga sandar caji. Sanda goma ce, kamar ta waya. Huɗu ta je, huɗu ta dawo, ta shiga gida da biyu.

Shekara biyu ana haka.

To, motar caji tana da nauyi, saboda batir ɗin da ke ƙarƙashinta, kuma nauyi yana cin taya. Tayoyinta suka suɗe har suka zama kamar tafin hannu.

Ranar Litinin ta tafi wurin Ilu mai taya.

Ku tsaya ku ji wace ce Marka a kasuwa. Matar da mai tumatir yake ɓoye manya idan ya hango ta. Matar da ta taɓa sa mai rago ya sallama, sannan ta ce igiyar gyara ce. In ta ce "nawa?" mai kaya sai ya gyara zama ya yi addu'a.

Ni ban ga laifinta ba. Macen da ba ta da mai tsaya mata, bakinta ne mijinta.

Ilu ya ciro mata taya siririya, mara nauyi, mai tudun roba a gefe. Ya ce irin wadda aka ƙera motar da ita ke nan. Ya faɗi kuɗi.

Ta raba biyu. Ya ce albarka.

Tana cikin jan tsaki, idonta ya faɗa kan wasu tayoyi huɗu a jingine a lungu. Manya, masu faɗi, da wili mai sheƙi kamar tiren amarya. Robar gefensu 'yar siririya, ba ta fi faɗin yatsa uku ba. Wani yaron Alhaji ne ya cire daga motarsa ya bar wa Ilu ya sayar.

Ta ce, "Waɗancan fa?"

Ilu ya ce, "Hajiya, waɗannan ba naki ba ne."

"Da sunan wa aka rubuta a jiki?"

"Za su ɗauru, amma za su sha miki caji. Kuma ba sa haƙuri da rami."

Marka ta yi murmushi a cikinta. Shekara ashirin a kasuwa sun koya mata abu ɗaya: in ka ji mai kaya yana kushe kayansa, to ya ajiye wa wani ne.

Ta gyara mayafi ta zauna a benci.

Ta ce ai kwance ne, ba sababbi ba. Ta ce ga ƙarzuwa a jikin ɗaya. Ta ce za ta bar masa ƙananan wilinta huɗu a kai. Ta tashi ta kai bakin titi, ta dawo. Ta tuna masa marigayi ne ya fara kawo masa direbobi lokacin da shagonsa bai fi akurki ba. Ta sake tashi.

Har aka kira la'asar.

Ilu ya share gumi ya ce, "Na sallama. Amma ki shaida na faɗa miki sau biyu."

Ta ce, "Ka faɗa sau uku ma, ɗaura."

Manyan tayoyi da wili mai sheƙi, a kuɗin da bai kai na ƙananan ba. Ta shiga unguwa a hankali don kowa ya gani. Mai wanki ya ce motar Hajiya ta zama babbar yarinya. Ranar ko abinci ba ta ci da yawa ba, daɗi ya cika mata ciki.

Talata da sassafe ta kama hanya, sanda goma cif.

Tun kafin ta bar gari ta ji abin ya sauya. Motar da take tafiya shiru yau tana wani gurnani daga ƙasa. Ƙaramin rami, wanda da ko ji ba ta yi, sai ta ji shi har cikin haƙoranta.

Ta ce sabon takalmi ne, sai ya saba da ƙafa.

Ta isa Kazaure ta duba. Sanda biyar ta ci.

Biyar!

Ta ce sola ce ba ta cika ba, jiya an yi hadari. Ta zagi wanda ya haɗa mata solar, ta zagi wanda ya turo shi. Tayoyi kuwa ko kallon zargi ba ta yi musu ba. Wa zai zargi abin da ya ci da bakinsa?

Aka loda kiret sittin, ta juyo.

Yanzu ga kaya, ga rana ta ɗaga. Duk gargadar da ta taka sai ta ji ƙas-ƙas daga baya. Ta rage gudu. Ta kashe sanyin mota don ta tanadi caji, zufa ta jiƙa mata mayafi.

A Ɗambatta saura sanda uku. A da, da biyar take wucewa.

Wayarta ta yi ƙara. Hajiya Uwani ce.

"Marka, kina ina? Biki uku gare ni, an auna fulawa."

"Ga ni nan tafe, Hajiya. Yaushe muka taɓa saɓawa?"

Ta wuce Kunya da sanda ɗaya. Ta riƙe sitiyari da hannu biyu tana lallashin mota kamar mai lallashin jaki. Can sai hoton kunkuru ya fito a gabanta, motar ta koma rarrafe. Masu babur suna wuce ta. Wani mai keke ma ya wuce ta, har da juyowa.

Sai motar ta mutu gaba ɗaya.

Saura 'yar tafiya a shiga Kano, kuma daidai lokacin wani masallaci ya ɗauki kiran azahar.

Ta buɗe baya. Ruwan ƙwai yana bin ƙasan mota, yana ɗiga kan wilin nan mai sheƙi.

A gefen titi akwai wani dattijo mai faci a gindin darbejiya. Ya taso ya taya ta tura motar gefe. Ya zagaya ta sau ɗaya, ya tsuguna ya shafa taya.

Ya ce, "Hajiya, wa ya cuce ki ya ɗaura miki waɗannan?"

Ta ce, "Baba, iya bakinka. Ba a haifi wanda zai cuce ni a kasuwa ba. Ni na ƙwace su da ƙarfin ciniki."

Ya ce, "To, Allah ya ba mai kayan haƙuri. Kin ƙwace masa wahala kin kawo gida."



Dattijon bai tsaya nan ba. Ya ciro tayar ajiya da ke ƙarƙashin motar, ƙaramar nan ta asali, ya ce ta ɗaga. Ta ɗaga da hannu ɗaya da rabi. Ya kwance babbar guda ya ce ta gwada. Sai da ta yi nishi.

Ya ce, "Wannan nauyin, sau huɗu, shi motarki take juyawa tun safe. Ga faɗi, ta kama ƙasa ta riƙe kamar mai jan tabarma a kan yashi. Ko mai fetur ce za ta ƙara sha, sai dai ita tana da gidan mai a kowace kwana. Ke ina naki?"

Ta ce, "To ƙwan fa? Shi ma caji ya sha?"

Ya danna gefen ƙaramar da babban yatsa, ta lotsa ta dawo. Ya danna babbar, ko motsi.

"Wannan tudun robar da kika raina, shi ne katifar ƙwanki. Kin ɗauke katifa kin kwantar da shi a kan ƙarfe."

Wayar ta sake ƙara. Marka ta kalle ta har ta tsinke.

Sai da aka yi awa biyu kafin a sami a-kori-kurar da za ta kwashi ƙwan. Direban ya ga mace a tsaye a rana da kayan da ba sa jira, ya faɗi abin da ya ga dama. Ta raba biyu. Ya tada injin zai tafi. Ta ce ya dawo.

Ita Marka, yau ta biya yadda aka faɗa.

Bayan la'asar ta isa gidan kek. A bakin ƙofa ta tarar da kiret-kiret na wani a jere, babu ƙwai a ciki, an riga an fasa an kwaɓa.

Hajiya Uwani ta fito da fulawa a hannu. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi.

Ta ce, "Marka, na kira ki sau huɗu. Wani ya daɗe yana roƙona, ina ce masa ina da mutane. Yau ya kawo cikin rabin awa. Na ba shi Talata."

"Hajiya, shekara goma sha bakwai fa."

"Na sani. Allah ya jiƙan Malam. Shi da tsohuwar motarsa mai hayaƙi bai taɓa sa na kira sau biyu ba."

Wannan maganar ta fi rana ƙuna.

Kiret goma sha ɗaya sun tsage. Ta bi masu shayi da su kafin su lalace. Wani mai shayi ya ɗaga ƙwai ɗaya a rana, ya juya shi, ya ce ai fasasshe ne, ya raba kuɗin biyu. Ya tafi har wurin tukunyarsa ya dawo. Duk salonta, babu wanda ya bari.

Ta sallama.

Washegari aka jawo motar gida, ta sha caji, Marka ta wuce shagon Ilu. A hanya tana ta shirya maganar da za ta faɗa masa, yadda za ta ce laifinsa ne.

Tana tsayawa ta hango ƙananan wilinta huɗu a lungu, an ɗaure su da igiya, an rufa musu buhu.

Ilu ya ce, "Mutum biyu sun nema jiya. Na ce na wata ne, tana hanya."

Duk maganar da ta shirya ta zube.

Ta zauna a bencin nan. Ya sake ciro siririyar tayar, ya faɗi kuɗin da ya faɗa ranar Litinin, bai ƙara ko sisi ba.

Bakinta ya motsa da kansa, don sabo ba ya jin kunya. Ilu ya ɗaga hannu.

"Hajiya, kafin ki fara. In kin matsa zan sallama miki wata mai araha, ga su can. Amma wannan ita ce ta motarki. Na faɗa sau ɗaya."



Ta ce, "Ɗaura. Amma iska gyara ce."

Talatar da ta biyo baya ta je Kazaure ta dawo da sanda biyu, ƙwai ko ɗaya bai tsage ba. Ta iso gari kafin azahar da kusan awa guda.

Sai dai babu inda za ta kai shi da gaggawa. Ta bi ta ƙofar gidan kek, ta ga motar wani a tsaye a inda marigayi yake tsayawa. Ba ta rage gudu ba.

Darasi:

Ban ce ku daina ciniki ba. Wanda ya daina ciniki, kasuwa za ta tuɓe masa riga. Ku matsa, ku tashi, ku dawo. Amma ciniki kuɗi yake ragewa, ba ya sauya halin kaya. Ku fara sanin abin da ya dace da ku, sannan ku yi faɗa a kan kuɗinsa.

Masu motar caji, taya ba ado ba ce. Mai faɗi da nauyi tana shanye tafiyarku, wili babba mai siririyar roba yana miƙo muku kowane rami har ƙugu. Ku tsaya a kan girman da aka ƙera motar da shi, ku riƙa duba iska.

Kuma ba duk mai kushe kayansa ne yake ɓoye wa wani ba. Wani gaskiya yake faɗa miki, kunnenki ne ya saba da ƙarya.

Ku tura wa 'yar uwar nan taku da ba a taɓa kayar da ita a kasuwa ba. Kun san ta. In kuma ke ce, ki karanta sau biyu kafin ki tura.