Izu Biyar da Suka Manne

Babana marubucin Alƙur'ani ne. A Agege aka haife ni, a gidan haya kusa da layin dogo, kuma tun da na yi wayo nake ganin kwalaben tawada jere a tagar ɗakinsa. Da kansa yake haɗawa: ya jiƙa bagaruwa, ya tace, ya sa kashin maƙera, sannan ya jefa ƙaro ɗan mitsitsi, kamar mai tsoron kada ya ƙare. Wani maigadi ɗan Nijar ne ke kawo masa ƙaron duk sanda ya dawo daga ganin gida.

Shekarar da soja suka koma bariki, Baba yana kan Alƙur'aninsa na bakwai. Idon hagu ya riga ya tafi, na dama yana haɗa kaya. Ya ce wannan ne na ƙarshe, kuma ba na sayarwa ba ne, na gida ne. Cikin izu sittin saura biyar.

Ni kuwa a lokacin ina ajin ƙarshe a makarantar kimiyya, kuma binciken da aka ba ni a kan ƙaro ne. Ko a motar haya ta danfo littafin binciken yana kan cinyata. Duk wanda ya yi kuskuren gaishe ni sai ya ji cewa ƙaro ba dunƙule ba ne kawai: doguwar sarƙa ce ta ƙananan sukari iri huɗu, mai rassa a kan rassa, da ɗan furotin a maƙale, kuma kowane reshe yana da ƙananan hannuwa masu kama ruwa. Hannuwan nan ne suke sa ya narke, su ne kuma suke riƙe baƙin tawada a jikin takarda. Baba ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "To, Oga Ƙaro, Allah ya amfana."

Da ido ya hana shi gane kaurin tawada, sai ya miƙa mini aikin. Ya damƙa mini ƙaro a tafin hannu, bai fi ƙwayar gyaɗa uku ba, ya ce kada in wuce haka.

Na wuce. Akwai wasu warƙoƙi da kakana ya rubuta a Haɗejiya, tawadarsu tana sheƙi har yau, ta Baba kuwa a dushe take. Na daɗe ina zargin rowar ƙaro ce. Na je makaranta na auna a sikeli, na ninka ƙaron sau uku, na dawo da tawada mai ƙyalli wadda ni kaina na ji ina alfahari da ita.

Ya tsoma alƙalami, ya ja layi ɗaya, ya tsaya.

"'Yar nan, tawadar nan tana da nauyi."

"Inganci ne, Baba."

"Legas ba ta son ƙaro da yawa fa."

Na ce masa ƙaro ƙaro ne, bai san Legas ba, bai san Haɗejiya ba. Bai ja da ni ba. Yana ganin girman karatuna fiye da yadda ya kamata.

Wata huɗu ya yi a kan izu biyar ɗin, hancinsa kusan a kan takarda. Ya gama da bazara, ya jera warƙoƙin, ya ɗaure tamau, ya sa a gafaka. Sai damina ta sauka, irin ta Legas, wadda gishiri ke zama ruwa a kwano, takalmi ya yi furfura a ƙarƙashin gado. Kafin ta ɗauke, idon dama ya bi na hagu.

Da hantsi wata Asabar, wani alaramma abokinsa ya zo daga Sabo Yaba don ya duba rubutun, kamar yadda aka saba. Ya yi ta ɗaga warƙa ɗaya bayan ɗaya yana gyaɗa kai. Da ya kai inda tawadata ta fara, sai izu biyar suka taso masa gaba ɗaya, kamar yankan burodi. Ya sa farce a gefe, takarda ta fara ɓarewa da harafi a jikinta. Ya ajiye, ya yi salati a hankali.

Baba ya karɓa ya shafa. Ni ina bakin ƙofa, ina roƙon ƙasa ta tsage.

"Hannuwan nan da kika ce, me suke kamawa?"

"Ruwa, Baba."

"Har na iska?"

"Har na iska."

"An koya miki wannan kafin ki haɗa, ko bayan?"

"Kafin. Har ya fito a jarrabawa."

"Kin ci?"

"Na ci."

"To, madalla."

Nan na fashe da kuka. Na ce zan kai makaranta, akwai dabarar tururi, wataƙila a ceci rabi. Ya ce a'a, kada a wanke ayoyi a kan teburin gwaji. Ya mayar da dunƙulen a ƙarshen sauran warƙoƙin, ya lalubo igiya ya ɗaure.

"Bar shi. Rubutun yana ciki. Wanda na rubuta dominsa ba sai an buɗe masa ba."

Bai ƙara riƙe alƙalami ba, bai kuma taɓa tayar da zancen ba har ya rasu, abin da ya fi duka ciwo. Gafakar tana wurina. Duk azumi nakan karanta izu hamsin da biyar da rubutun Baba, in ƙarasa biyar ɗin a bugun inji.