Gafakar Malam Ilu

Shekara arba'in da bakwai ke nan da muka kai abokina Malam Ilu makwancinsa a Gagarawa, kuma har yau ba a miƙo mini abu a ƙunshe cikin takarda ban warware na karanta ba. Jikokina dariya suke yi mini. Su yi ta yi, ba su san abin da na taɓa gani a ƙunshi ba.

Tare aka ɗauke mu a Gumel muna samari, aka ce za a koya mana malanta. Lokacin Turawa ba su daɗe da zama ba, boko kuwa abin ƙyama ne a gidajenmu. Da safe mu koyar da ƙaramin aji, babban malami na zaune a baya yana harararmu, da yamma kuma a zaunar da mu a koya mana namu. Ni lissafi nake so, don ba ya gardama. Ilu kuwa tarihi ne ya shiga ransa. Littafin tarihi ɗaya tak muke da shi, na sarakunan Ingila, ya karanta shi har ɗinkinsa ya kwance. Ya bi malaman zaure yana aron na Larabci masu labarin Borno. Wata rana ya rufe littafin da ƙarfi ya ce, "Sale, na san sunayen matan wani sarki a ƙasar da ban taɓa gani ba, amma ban san wanda ya haƙa rijiyar ƙofar gidanmu ba. Wannan karatu ne?"

Daga nan hutu ya daina zama hutu a wurinsa. Sai ya rataya gafaka, jakar fatar nan ta takardu, ya bi ƙauyuka a ƙafa yana neman tsofaffi. A Maigatari ya sami dattijon da ya wayi gari gidansa na ƙasar Ingilishi, gonarsa na ƙasar Faransa. A Sule Tankarkar ya sami Iya Fanna, tsohuwar da ta ga yaƙe-yaƙen Damagaram da idonta, ta kuma riƙe sunayen garuruwan da suka zama kufai. Tsofaffin nan in suka ga fensir da rubutun boko sai su ja baki su yi shiru. Don haka da alƙalami da tawada yake rubuta maganarsu cikin ajami, kowace takarda da Bismillah a kanta. In ya dawo makaranta ya sake kwafe komai da boko a littafin rubutu, don ya koyar da shi ranar da ya sami ajin kansa. Nakan tsokane shi da cewa wahala ce ba ta ishe shi ba. Yakan ce, "In ɗaya ya ɓace, ɗaya na nan."

Bai sami ajin ba. Sanƙarau ya kama shi da bazara, saura kaɗan mu gama. Na je duba shi a gidansu a Gagarawa, wuyansa ya sandare, da ido ya nuna mini gafakar a rataye. Ya ce, "Ka tafi da ita yau." Na ce, "Haba Ilu, sai ka ce mai barin wasiyya? Ka warke ka kawo ta da kanka." Kwana uku tsakani ya cika.

A zaman makoki gafakar nan tana rataye daidai bisa kaina, hannu kawai zan miƙa. Ban miƙa ba. Ba a raba gado ba, ni kuma bare ne a gidan, ina tsoron a ce na sa ido a kayan mamaci. Na ce bari a yi sadakar arba'in tukuna. A lokacin ladabi na kira wannan abin. Yau na san sunansa, ragwanci ne da aka naɗa wa rawani.

Kafin arba'in ɗin ta zo, na shiga kasuwar Maigatari na sayo wa mahaifiyata kwalli wurin wani ɗan koli. Ya yago takarda ya ƙunshe mini. Ina karɓa na ga hannun Ilu, rubutun nan nasa mai kwantawa gefe. Ban san yadda na isa Gagarawa ba. Na tarar da Baffa Audu, ƙanin mahaifinsa, a zaure, na tambaye shi takardun Ilu. Ya ce, "Na bokon dai mun ba ɗan koli, me za a yi da rubutun Nasara a gida? Masu sunan Allah kuwa ba mu wulaƙanta su ba, ɗana. Mun ƙona su da kyau, mun binne tokar inda ƙafa ba ta takawa."

Yana faɗa yana jiran godiya. Layin farko kawai ya duba, bai ga dalilin duba na biyu ba. Rabi ya tafi saboda raini, rabi saboda girmamawa, duk a gida ɗaya. Amma abin da ya fi ci mini rai har gobe shi ne amsar da na bayar. Durƙusawa na yi na ce, "Allah ya saka da alheri, Baffa."

Kasuwa ta zagayo na koma wurin ɗan kolin, ya ce ai takarda mai kyau ba ta kwana. Ta watse a ɗakunan mata ta kowane gefen iyaka. Iya Fanna kuwa daminar nan ta rasu.

Abin da ya tono mini wannan miki shi ne baƙin da na yi watan jiya. Wasu ma'aikata ne suka zo a mota, riguna na ƙamshi, wai za a yi biki ana son tarihin ƙasar nan cikin mako guda. Ɗayansu ya rage murya ya ce, "Malam, ka ɗan gyara, ka sa kakan wane a ciki." Ko kunya babu. Masu koyon malanta na yau ma in sun zo gaishe ni, tambayarsu ɗaya ce, wane shafi ne zai fito a jarrabawa. Da Ilu zai leƙo, ba na jin zai tsaya faɗa da su. Tambaya zai yi ko akwai wanda ya taka zuwa wurin 'yan tsofaffin da suka rage. Babu. Sai dai ni ba ni da bakin zagin kowa, don su ba a nuna musu gafaka an ce su ɗauka ba.

Na ciro wa baƙin abin da ya rage na Malam Ilu, guntuwar takarda da ba ta kai tafin hannu ba, kwalli ya baƙanta gefenta. Suka juya ta, suka miƙo mini, suka tafi neman wanda zai rubuta musu abin da suke so. Layi ɗaya ne ke karantuwa a jikinta: "tsohon ya ce wanda ya haƙa rijiyar ƙofar gidanmu sunansa". A nan ɗan koli ya yage.

Ashe Ilu ya samo amsar tambayarsa. Ni ne na hana kowa ji.