Tarwaɗar Kofur Ɗantani

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, Ɗantani ya dawo Ɗankaza da akwatin ƙarfe da kunnen hagu wanda ya daina ji. Sallamarsa aka yi daga soja bayan ya komo daga yaƙin Saliyo. Ɗan masunta ne. Mahaifinsa a kogin Wudil ya ƙare rayuwarsa, shi ma da can zai ƙare ba don kifi ya ja baya tun yana saurayi ba, abin da ya sa ya tafi Kano lokacin da ake ɗaukar soja. Mutanen gari suka cika zaure don yi masa barka da zuwa, kowa yana son jin labarin ƙasar da ya je. Ya amsa gaisuwar kowa yadda ta kamata, labari kuwa bai bayar ba. Aka ce gajiya ce. Da aka kwana biyu aka ga ba ita ba ce, sai aka ƙyale shi, aka laƙaba masa Kofur, sunan ya bi shi.

Matarsa Saudatu ita ta fi kowa ganin canjin. Mutumin da ta aura mai surutu ne, mai faɗa a kan gishirin miya. Wannan da ya dawo kuwa, duk abin da aka ajiye masa sai ya ci, ya sha ruwa, ya ce an gode. Gari ya cika da maganar siyasa, samari na yawo a kan babura da hotunan sababbin ciyamomi da kansiloli, shi yana zaune a gindin darbejiya yana kallon hanya.

Da rani ya shigo sai ya ɗauki diga da shebur ya nufi fadamar da ya gada a bayan gida. Ya haƙa rami mai faɗi, ya haƙa na biyu a gefensa, ya sa magini ya shafe su da siminti. Abin da aka ba shi na sallama can ya tafi, da sayen wani tsohon injin ban ruwa. Ya ce kifi zai kiwata, ya ga ana yi a wani bariki a kudu. Masunta suka yi dariya har da riƙe ciki. Ga kogi a kwance, mutum zai sa tarwaɗa a rami yana ba ta abinci kamar akuya! Ya sayo 'ya'yan tarwaɗa a jarka, ƙanana kamar ɗan yatsa, ya zuba. Kullum da safe da la'asar yana watsa musu dusa da ƙuliƙuli da dafaffen jinin da yake karɓowa wurin mahauta. Ruwan ya riƙa tafasa da su. Yakan tsaya ya kalle su har su cinye, sannan ya wanke hannu ya koma gindin darbejiya.

Kiwon bai ba shi wuya ba. Sayarwa ce bai iya ba.

Da kifin farko ya isa, wani dillali mai suna Ya'u ya zo daga kasuwar Wudil da sikeli a bayan babur, tare da wasu mata masu gidajen abinci a Kano, kowace da manyan robobinta. Ya'u mutum ne mai fara'a, bakinsa ba ya hutawa.

“Kofur, a zare ruwan mu ga abin da Allah ya ba mu,” in ji shi.

Ɗantani ya buɗe bututu, ruwa ya tsiyaye, tarwaɗa ta zube a cikin laka tana mutsu-mutsu. Sai a lokacin Ya'u ya fara ciniki. Ya ɗaga wata babba ya jijjiga kai, ya ce kifin rami ba shi da zaƙin na kogi, kitse ne kawai. Ya ware manya gefe, ya ce su kaɗai matan suke so don farfesu, ya taya su a kan kuɗin matsakaita. Ƙananan kuma ya ce sai dai a haɗa a matsayin gyara. Rana tana hawa, kifi yana buɗe baki. Duk ɗan kasuwa ya san abin da ake cewa a nan: albarka. A ja, a saki, a sake ja. Ɗantani ya dubi kifin, ya dubi Ya'u, ya ce, “To, ku ɗauka.”

Ya'u da kansa sai da ya yi ɗan jim, don bai zaci abin zai zo da sauƙi haka ba. Aka auna, aka loda, ya cire la'adarsa, suka tafi.

Saudatu tana bayan danga, ta ji komai. Da ya shigo ya ajiye mata abin da aka ba shi a bakin tabarma, ko dubawa ba ta yi ba.

“Malam, ko abincin da suka ci wannan bai mayar ba. Ka sani?”

“Na sani.”

“Ka sani, ka ce su ɗauka?”

Ta koma ta ɓangaren kunnensa mai ji, ta ɗaga murya.

“Wai kai ba ka jin haushi ne? Mutum ya zo har gidanka ya yi maka wayo da rana tsaka!”

“Na so in ji, Saude,” in ji shi. “Na nema, ban samu ba.”

Ta dube shi ta ga ba gatse yake yi ba. Ta shiga ɗaki.

Saudatu ba mai fita kasuwa ba ce, amma tana da wata 'yar uwar mahaifiyarta, Inna Yelwa, wadda ta tsufa tana suyar kifi a bakin gadar Wudil. Ta aika mata, tsohuwar ta zo, suka wuni a tsakar gida. Inna Yelwa ta buɗe mata cikin sana'ar. Ta ce kifi ba shi da kuɗi ɗaya. Idan kogi ya janye bayan damina, masunta na kama shi da yawa, lokacin ko kyauta ka bayar sai an yi maka yanga. Idan ruwa ya cika ya yi ƙarfi, ko sanyi ya hana shiga ruwa, kifi ya yi daraja. Da azumi ma haka. Yanzu kuma ga 'yan siyasa, kowane taro sai an ci an sha, masu gidajen abinci ba sa samun isasshe.

“Babban abin kuwa, 'yar nan,” in ji ta, “kada a zare ruwa sai an gama magana. Kifin da ke cikin ruwa naki ne. Wanda ke kwance a laka na mai saye ne.”

Kiwo na biyu ya isa ana dab da wani zaɓe. Ya'u ya dawo da sikelinsa da fara'arsa. Ya ce a zare ruwa. Ɗantani ya sa koma, ragar masunta, ya ɗebo kaɗan a daro, ya ajiye a gabansa, ya nuna danga da haɓa.

“Da ita za ka yi.”

Daga bayan danga Saudatu ta gaishe shi, ta tambayi iyali, sannan ta faɗi kuɗin manya daban, na matsakaita daban, ta ce ƙananan ba na sayarwa ba ne tukuna. Ya'u ya yi dariya ya taya.

“Albarka,” in ji ta.

Ya ƙara kaɗan. Ta ce albarka. Fara'ar ta fara raguwa.

“Kofur, yanzu da mata zan yi ciniki kana tsaye?”

“Ina tsaye,” in ji Ɗantani.

Ya'u ya ɗaure sikelinsa ya tafi. Bai dawo ba, kuma babu wani mai saye da ya leƙo, don duk ta hannunsa suke bi. Kifi ya ci gaba da girma yana cin abincin da babu. Manya suka fara haɗiye ƙanana. Saudatu ta sayar da tunkiyarta aka sayi dusa. Ta riƙa jiran mijin ya ce ita ta jawo, ko ya ce ta yi daidai. Bai ce ko ɗaya ba. Yana watsa abinci, yana canza ruwa, yana komawa inuwa.

Ana cikin haka, a tsakiyar bazara, injin ya tsaya. Makanikin garin ya tafi kamfe da wani ɗan takara, ba a san ranar dawowarsa ba. Ruwan ramukan ya yi kore, ya fara wari. Wata ranar Laraba da hantsi kifin ya taso sama gaba ɗaya, kawuna a waje, wasu sun fara juya farin ciki. Ɗantani ya tsaya a bakin rami hannuwa a baya. Saudatu ta yafa mayafi ta fito fadamar, abin da ba ta saba ba, ta same shi a haka.

“Mutuwa suke yi, Malam!”

“E, mutuwa suke yi.”

Ba ta tsaya a kansa ba. Ta roƙi wani maƙwabci ya ɗauko Inna Yelwa a babur. Tsohuwar na zuwa ta leƙa ramin ta ce babu sauran ciniki, sai banda, a busar da shi a wuta. Aka aro gangunan ƙarfe da aka yanke, aka ɗora raga, aka tara itace. Inna Yelwa ta miƙa wa Ɗantani wuƙa ta ce ya kwaso ya yanka kafin su lalace. A nan aka ga hannun ɗan masunta. Yana kamawa, yana farkewa, yana zubar da kayan ciki, matan suna wanke yauƙin da toka da gishiri, suna lanƙwasa kowane kifi su soke shi da tsinke. Da robobi suka cika sai ya fara jera wanda ya yanka a kan buhu a ƙasa, layi-layi, kai na kallon gefe ɗaya. Can ya dakata, wuƙa a hannu, ya daɗe yana duban layin.

“Haka muke jera su a can,” in ji shi. “A bakin hanya. Don masu nema su gane nasu.”

Saudatu ta ɗago. Inna Yelwa ta ce, “Allah ya jiƙan Musulmi,” ta ci gaba da hura wuta. Shi ma ya sunkuya ya kamo wani kifin. Iyakar abin da aka taɓa ji daga bakinsa ke nan game da Saliyo, kuma Saudatu ba ta tambaye shi ƙari ba, ko a ranar ko daga baya.

Kusan rabin kifin ya lalace, aka binne shi a gefen fadama. Sauran ya yi ja ya bushe da kyau. Ranar Juma'a Inna Yelwa ta kai kasuwar Wudil, ta kasa shi kashi-kashi ba tare da sikeli ba, Fulanin da suka kawo shanu kara da matafiya masu wucewa suka saye shi tas kafin la'asar. Ba a ci riba ba, amma an gyara injin, an sayo sababbin 'ya'yan kifi.

Daga nan tsarin gidan ya zauna. Ɗantani na kiwo, Saudatu na yanke kuɗi. Abin da aka saya ɗanye a saya, abin da aka raina a kai shi wuta, don busasshen kifi ba ya gaggawa. Da Ya'u ya ga matan Kano sun fara neman hanyar Ɗankaza da kansu, sai ya dawo da sikelinsa kamar ba a taɓa yin komai ba, yana kiran Saudatu uwar ɗakina. Ta karɓe shi. Takan ce mutum ne mai sanin kasuwa, sai dai a riƙa sa masa ido a kan sikeli.

Shekaru suka wuce. Waɗanda suka yi dariya da yawa sun haƙa nasu ramukan, kifi ya yi yawa, abincinsa ya yi tsada, ribar ta zama 'yar kaɗan. Gidan Kofur bai yi arziki ba, bai kuma rasa tuwo ba. An aurar da 'ya'ya, an sa wa ɗaki kwano. Shi dai yana nan yadda ya dawo. An yi masa rasuwa bai yi kuka ba, an haifa masa jika ya karɓa ya yi addu'a ya mayar.

Wata shekara ciwon sukari ya kwantar da Saudatu a asibiti a Kano, kifi kuma ya isa. Wani baƙon mai saye ya zo, ba wanda zai yi magana sai Ɗantani. Ya faɗi kuɗin da ya zo bakinsa. Mutumin bai ko taya ba, ya ce ya saya. Washegari Ɗantani ya hau mota ya je dubiya, ya zauna a kujerar gefen gado, ya gaya mata yadda aka yi. Ta tambayi nawa ya ce. Ya faɗa. Ta rufe ido, sai kuma dariya ta kama ta har da tari, matar gadon kusa tana tambayar ko lafiya.

“Kuɗin shekara uku baya ka faɗa masa, Malam.”

“Shi na riƙe,” in ji shi.

Ya ɓare mata lemo, ta ce likita ya hana, ya ajiye a kan durowa. Ya zauna har ma'aikaciya ta zo ta ce masu dubiya su fita. A tasha ya samu motar Wudil saura mutum ɗaya, ya shiga, aka matsa masa, suka kama hanya.